Hannun tsohuwar Fordson

Ina shago a Funtuwa, na kwance kan wani injin ban ruwa, Baffa ya kira ni a waya. Ba ɗabi'arsa ba ce kira, in yana son magana da kai aike yake yi. Bayan mun gaisa ya ce 'yan gwangwan sun zo har sau biyu suna taya tantan ɗin kakanmu, kuma sauran magada sun fara yi masa magana a kanta.

"Ta riga ta mutu, ɗana. Hannun tayar da ita ma ko motsi ba ya yi. Gara a sayar a raba, kada in kwanta dama da haƙƙin mutane a wuyana."

Na roƙe shi ya ba ni wata guda. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce to, Allah ya kai mu.

Tantan ɗin nan Fordson Major ce, samfurin da ake kira E27N. Kamfanin Ford ne ya ƙera irinta a masana'antarsa ta Dagenham, gabas da birnin Landan, daga 1945 zuwa 1952. Shuɗiya ce mai duhu, ƙafafunta ruwan lemo, ko da yake tamu sai ka kankare tsatsa kafin ka ga fentin. Injinta silinda huɗu ne, lita 4.4, ana tayar da shi da fetur, in ya yi zafi a juya shi kan kananzir. Giya uku gaba, ɗaya baya. Tamu ba ta da batir, ba ta da kik, ko fitila babu. Magineto ke ba ta wuta, kuma hanya ɗaya ce ta tayar da ita: hannun ƙarfen nan da ke rataye a gabanta, a ƙasan lagireto. Duk wanda ya taɓa tayar da injin niƙa ya san irin aikin, sai dai nata hannun ba a cire shi. A jikinta yake zaune, da sifirin da ke turo shi waje in inji ya kama.

Kakanmu na hannu ya saye ta, Baffa kuma shi ne direbanta tun yana saurayi. Ta yi huɗa, ta ja tirela cike da auduga zuwa fuloti, ta kai amare ƙauyuka. Da aka kawo shirin bunƙasa noma na Funtuwa a tsakiyar shekarun 1970, tantan masu shan gas suka yawaita, Massey Ferguson da Fiat da Steyr ta Bauci, sai aikinta ya riƙa raguwa har aka jingine ta a rumfar kwano a bayan gida. Amma Baffa bai sake ta ba. Ya kife gwangwanin madara a bakin salansa, yana cire fulogai yana ɗiga baƙin mai, kuma lokaci zuwa lokaci yakan kama hannun ya juya injin sau biyar ko shida don kada ya kwana wuri ɗaya. Haka ya yi shekara da shekaru. Da ciwon baya ya kwantar da shi, damina takwas ta wuce ba wanda ya taɓa ta. Ranar da ya samu sauƙi ya je ya kama hannun, ya ji shi kamar an dasa a dutse. Tun daga ranar ya yi mata ta'aziyya a zuciyarsa.

Ran Asabar na hau babur da yaron shagona da akwatin kayan aiki. Hunturu ne, ƙura ta rufe gari. Na tarar da ita yadda na san ta tun ina yaro, tayoyi sun sace sun tsattsage, kaji sun mayar da kujerar wurin kwana. Abin da na fara lura da shi shi ne rumfar ta yi mata kaɗan. Gangar jikinta na ciki, amma hancinta ya leƙo waje da kamar kamu ɗaya, daidai inda ruwan kwano ke zuba. Duk ruwan da ya sauka a rumfar nan tsawon shekaru, a kan hannun yake ƙarewa.

A nan na yi kuskuren da har yau ina jin nauyinsa. Na kama hannun, ya ƙi. Na sa ƙafa, ya ƙi. Sai na ce wa yaron ya miƙo min wani bututun famfo mai tsawon mutum da ke jingine a bango, na zura a hannun, na fara dannawa. Na ji ƙarfen yana ba da kai, na ɗauka sakin ne. Sai muryar Baffa daga bayana.

"Tsaya! Kai, tsaya. Dubi abin da kake yi."

Ba juyawa yake ba, lanƙwashewa yake a gwiwarsa. Da na ƙara danna sau ɗaya, ko dai hannun ya murɗe, ko kuma abin da ya fi wannan muni, gidan da yake ciki ya tsage. Gidan nan ƙarfen zubi ne, wanda muke ce wa kas, kuma shi ne tankin ƙasa na lagireto. Kas ba ya lanƙwasa, ba ya kashedi, fashewa kawai yake yi kamar tukunyar ƙasa. Kuma ba shagon da zan shiga a Kano ko Kaduna in ce a ba ni sabo. Shekara goma sha biyar ina kanikanci, ina hana yara irin wannan gaggawa, amma son in nuna wa tsoho cewa da sauran rai a jikinta ya rufe min ido. Na zare bututun na mayar da shi inda na ɗauko.

Sai na yi abin da ya kamata in fara da shi. Na kwanta a ƙasa da tocila na leƙa tsakanin lagireto da inji. Sandar hannun ta ratsa gidan kas ɗin ta fito ta ciki, a bakinta akwai wani ƙarfe mai haƙora a karkace, an soke shi da fin. Aikinsa shi ne in ka tura hannun ciki, haƙoran su kama bakin kiranshaf, wato babbar sandar da ke juyawa a cikin injin, a wurin fuli, ka juya, injin ya juya. Da injin ya tashi ya fi hannunka sauri, karkatar haƙoran sai ta tunkuɗo hannun waje, sifirin ya ƙarasa. Abin da na gani shi ne tsakanin haƙoran da fulin akwai rata, yatsa biyu za su shiga. Hannun bai ma taɓa injin ba. A waje ya maƙale, a cikin raminsa. Ke nan ƙin juyawarsa bai faɗi komai ba a kan lafiyar injin.

Na fito na gaya wa Baffa. Ya ce a kawo masa kujera.

Muka cire fulogai huɗun, na zuba kananzir haɗe da baƙin mai a kowane rami, muka bar shi har bayan azahar. Muka kafa duwatsu a ƙafafun gaba, muka ɗaga ƙafar baya guda da jak, muka tokare da kututture, na sa giya ta uku. A wannan wurin samfurin nan ya yi mana rana. Tsofaffin Fordson da suka gabace ta, giyar bayansu irin mai tsutsa ce, wato mai murɗaɗɗiyar sanda, da wuya ka juya inji ta hanyar taya. Ita E27N an sauya mata wannan, don haka in ka juya ƙafa, inji na bi. Ni da yaron muka kama tayar muna rausaya ta gaba da baya a hankali, Baffa ya zuba wa fuli ido. Karo na farko ba komai, na biyu ba komai. Can sai ya ɗaga hannu.

"Ya motsa. Wallahi ya motsa."

Muka ci gaba, fanka ta gusa, kananzir ya yi tsartuwa ta ramin fulogi na ɗaya ya ɓata wa yaron riga. Injin lafiyarsa lau. Baƙin man da tsohon nan ya yi ta ɗigawa da gwangwanin madarar nan su suka tsare shi. Ban ce masa komai ba, don na ga ya sunkuyar da kai yana share fuska da bakin rawani.

Saura hannun.

Mutane da yawa suna ɗaukar tsatsa datti ce da ke kwanciya a kan ƙarfe. A fili haka take, amma a matsattsen wuri wani abu ne daban. Ƙarfen da ya zama tsatsa kumbura yake yi, yana cin wurin da ya ninka na asalinsa. To ka ɗauki sanda a cikin rami, ratar da ke tsakaninsu ba ta wuce kaurin takarda ba, ruwa ya shiga ya kwana, damina bayan damina. Tsatsar ba ta da inda za ta, sai ta cika ratar ta matse sandar ta kowane gefe. Ga ƙurar hunturu da ke haɗuwa da tsohon giris ta daskare, ga zanzaro da ya yi gini a bakin ramin ta ciki, ya toshe shi da laka, ruwan da ya shiga ba ya fita. Ƙarfi ba ya warware irin wannan. Sai ka sa wani abu ya ratsa cikin tsatsar ya jiƙa ta, ka kuma girgiza ta har ta farfashe.

Na kankare gidan zanzaron da sukundireba, na goge bakin ramin gaba da baya da burushin waya har farin ƙarfe ya fito. Sifirin ya riga ya ruɓe, da na taɓa shi ya karye gida uku. Na haɗa kananzir da man giyar mota mai atomatik, rabi da rabi, a robar ruwa. Matsalar ita ce sandar a kwance take, duk abin da ka zuba gangarewa yake ƙasa. Sai na tuna yadda mata ke yi wa bakin randa, na kwaɓa yumɓu na gina ɗan ƙoƙo a kewayen sandar a bakin ramin, buɗe ta sama, na cika shi da man. Ta ciki kuma na naɗa tsumma na jiƙa shi sharkaf.

Don bugu, Baffa ya sa aka ɗauko guntun tsohuwar taɓarya ta itacen ƙirya. Ba a dukan ƙarfe irin wannan da guduma kai tsaye, bakinsa zai baje ya ƙara maƙalewa. Ka ɗora itacen, ka bugi itacen. Bugun kuma ba na huce haushi ba ne, ƙanana ne masu yawa, ta tsawon sandar, ciki da waje, sannan kaɗan a gwiwar hannun ta dama da ta hagu. Na nuna wa wani jikan Baffa yadda zai yi, safe da yamma, ya ƙara mai a ƙoƙon, ya yi bugu hamsin, kada ya ƙara ko ɗaya. Na koma Funtuwa.

Kwana goma ana wannan. Ina zuwa duk bayan kwana uku. A zuwa na biyu na ga man da ke ƙoƙon yana raguwa, kuma tsumman ciki ya fara yin ja, alamar man ya sami hanya yana ratsawa yana ɗauko tsatsa. Na yi murna, amma hannun bai motsa ba ko da gashin kai. Na yi masa alama da alli a kan sanda da kan gida don kada ido ya yaudare ni, layin nan bai rabu ba. A kwana na goma na yarda cewa jiƙo kaɗai ba zai yi ba, sai an haɗa da wuta.

Yaron ya ce mu kira mai walda ya zo da tukunyar gas, minti goma an gama. Na san da yawa haka za su yi, ni kuwa ban yarda ba. Harshen wutar walda wuri ɗaya yake ci. Gefe guda na kas ɗin zai yi ja alhali ɗaya gefen da sanyi, kuma abin da ke tsaga kas ke nan. Ga saƙar lagireton a sama kaɗan, bututanta da dalma aka liƙe su, dalma kuwa ba ta jure zafi, tun kafin ƙarfe ya nuna alama ta narke. Ga mai da muka yi kwana goma muna zubawa. Hanyar da na ga ta fi ita ce a sauke lagireton gaba ɗaya, a raba tankin ƙasa da saƙar, a kai shi maƙera a gasa shi duka lokaci guda.

Wannan ya ci mana yini biyu. Lagireton Fordson ba irin na motocin yanzu ba ne, tankin sama da na ƙasa duk kas ne, an ɗaure su da saƙar da ƙananan kusoshi masu yawa. Mu uku muka sauke shi, da hannun a soke a jikinsa, muka kwantar a kan buhuna. Kusoshin kowanne da halinsa. Wasu sun kwance da mai, biyar sun karye, na ajiye su a gwangwani don in nemo irinsu. Da tankin ya rabu, abin da ya zubo daga cikinsa ya cika kwanon sha, laka da ɓawon tsatsa.

Sai fin ɗin da ya riƙe haƙoran. Dole ya fita kafin sandar ta zare ta gaba. An baje kansa ta gefe biyu tun a masana'anta, don haka na goge gefe ɗaya da magagari har ya yi daidai da jikin ƙarfen, na ɗora kurfi na buga. Bai fita ba, sai ma ya fara kumbura a ciki. Na dakata, muka tayar da janareta, na huda tsakiyarsa da ƙaramin baki, na ƙara da wanda ya ɗan fi shi, har ya zama kamar bututu mai siririn bango. Bugu biyu ya faɗo. Haƙoran da kansu sun fito ba gardama, kuma da na wanke su na ga ba su ci sosai ba, gefe ɗaya ne ya ɗan dakushe, na gyara shi da magagari ba tare da na taɓa karkatar ba.

Maƙerin garin tsoho ne, sa'an Baffa, tare suka yi makarantar allo. Da muka sauke tankin daga amalanke ya juya shi, ya ƙwanƙwasa da ɗan ƙarfe yana saurare, ya ce ba tsaga. Ya sa aka wanke man da omo da ruwan zafi, aka shanya. Bai sa shi a bakin zuga-zugi ba. Ya haƙa ɗan rami a gefe, ya shimfiɗa gawayin ƙirya, ya bari ya ruru ya kwanta, sannan ya ɗora tankin a kan duwatsu uku sama da garwashin, yana juya shi da awartaki da wani ƙarfe duk bayan ɗan lokaci. Na ce masa, "Baba, ba za a ƙara wuta ba?" Ya ce, "Ba ƙira za mu yi ba, yaro. Ɗumi muke nema ya game jikinsa."

Akwai abin da na fahimta a wurin nan wanda a da nake yi ba tare da na san dalilinsa ba. Muna cewa a gasa gida ya buɗe, sanda ta fita. Amma in ka gasa su tare, sandar ma kumbura take yi, har ta ɗan fi kas ɗin. Amfanin zafin biyu ne. Na farko yana busar da tsatsar ya sa ta yi gautsi. Na biyu, in gidan ya riƙe zafinsa, ka sanyaya sandar ita kaɗai, sai ta tsuke ta bar shi a buɗe. Abin da maƙerin ya yi ke nan. Da zafin ya kai inda ɗigon ruwa ke rawa a kan ƙarfen, ya sauke, ya naɗa jiƙaƙƙen tsumma a kan sandar ta gefen hannu, nesa da gidan, yana sauya shi in ya bushe. Ya gargaɗi yaron kada ko ɗigo ya taɓa kas ɗin. Sannan ya goga kyandir a bakin ramin, ya narke ya shige ciki yana hayaƙi.

Zagayen farko ba abin da ya faru. Ya rufe tankin da toka ya ce a bar shi ya huce da kansa, mu dawo gobe. Washegari aka sake. A wannan karon, bayan tsumma da kyandir, muka kafa tankin a tsakanin kututture biyu, na ɗora taɓaryar a bakin sandar ta ciki na buga sau uku. A na huɗu sautin ya sauya. Duk makaniki ya san wannan sautin, daga ƙara mai tauri zuwa wani abu mai taushi, kamar ka taka busasshiyar ƙasa ta burma. Na duba inda na karce da kurfi a madadin allin da wuta ta cinye. Layin ya rabu da kaurin farce.

Daga nan ban ƙara buga shi da ƙarfi ba. Na kama hannun da tsumma na murɗa dama kaɗan, hagu kaɗan, yaron yana ɗiga mai. Kowace murɗa tana fito da jan ruwa mai kauri kamar kunun kanwa. Rubu'in zagaye, rabi, sannan cikakke, yana kuka. Mun fi awa ɗaya a haka kafin sandar ta zare gaba ɗaya ta faɗo a kan buhu. Maƙerin ya sake binne tankin a toka. Ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce a tantan ɗin nan aka kai amaryarsa.

Sandar ta ci a tsakiya, ramuka-ramuka kamar fuskar mai zanzana, amma da sauran kauri. Na goge ta da samfefa mai kaushi sannan mai laushi. Ramin kuma na tsaga bakin kara na soka samfefa, na yi ta murzawa a ciki har ya yi santsi, na wanke da kananzir sau uku. Gwiwar da na lanƙwasa da bututu maƙerin ya gasa ta ya miƙar a kan uwar maƙera. Akwai kuma ɗan bututun da ke kan mariƙin, wanda ya kamata ya riƙa juyawa a tafin hannu, shi ma ya kafe. Kwana biyu a cikin gwangwanin kananzir da ɗan bugu ya sake shi. Kada wanda ya raina wannan. In bai juya ba, mariƙin zai riƙa goge maka tafi, kai kuma ka ƙara damƙewa, kuma damƙar nan ce ke karya mutane.

Sifirin da kusoshi a kasuwar Panteka na samo su a Kaduna. Na tafi da guntayen tsohon a aljihu, na yi ta gwadawa a tulin ƙarafa har na sami mai faɗin da ya dace, ya ɗan fi tsawo, na yanke. Na kula kada ya yi ƙarfi da yawa, don in ya yi, kana turawa yana turo ka, haƙoran ba za su zauna ba. Fin kuma daga wata kusa mai tauri na yanka, na baje kanta gefe biyu kamar na asali. Gasket na yanka sabo, na shafa giris a sandar da ramin, muka mayar da lagireton. Kafin komai na sa aka ƙara fallen kwano biyu a gaban rumfar.

Rana ta goma sha tara na tura hannun ciki da tafi ɗaya, ya shige, na saki, ya dawo da kansa. Na sake turawa, na juya a hankali har haƙoran suka kama, injin ya bi, fulogai a cire. A zagaye na farko na ji ƙas daga wajen magineto. Wannan wata dabara ce da aka yi don mai tayarwa da hannu. Hannun mutum ba ya da saurin da magineto ke buƙata, sai aka sa wani ɗan maƙulli da ke riƙe shi yana ɗaure wani sifirin a ciki, in fistin ya kai sama ya sake shi da ƙarfi, wuta ta fito mai kauri kuma a makare. Jin wannan ƙarar ya kwantar min da hankali. Na buɗe magineton na goge bakin wutar, na shanya shi a rana yini guda, na gwada fulogi a jikin inji, shuɗiyar wuta ta yi tsalle. Na zubar da tsohon baƙin mai na zuba sabo. Injin nan ba shi da famfon mai, fantsama shi yake yi da kansa, don haka ban yi wasa da ma'auninsa ba. Na wanke kafireto, na zuba ruwa a lagireto, na sa fetur a ƙaramin gidansa.

Da na zo kama hannun, Baffa ya taso da sandarsa ya tsaya kusa da ni. Ya naɗe hannun rigarsa ya nuna min wuyan hannunsa na dama, inda ƙashi ya ɗan karkace. Na san tabon tun ina yaro, ban taɓa tambaya ba.

"Ita ta yi min wannan, shekarar da aka haifi ubanka. Na manta ban mayar da wuta baya ba, na kuma danna hannun ƙasa da nauyina. Ta harba, ta dawo da shi. Wata biyu ina ɗaure da karan ɗori."

Ya sa na duba giya tana firi, ya sa na sake dubawa. Ya ja sandar wuta baya da kansa. Sannan ya kama yatsuna ya jera su a kan mariƙin, ya ɗauke babban yatsana daga zagaye ya kwantar da shi gefe ɗaya da sauran.

"Kada ka rungume shi. In ta harba, bari ya fice daga hannunka. Daga ƙasa za ka ɗauko shi ka ja sama, ja ɗaya, ka tsaya. Ba a zagayawa da shi kamar injin niƙa. Kuma janye gwiwarka daga gabansa."

Na ja na farko, shiru. Na biyu, na uku. A na biyar ta yi tari ɗaya, gwangwanin madarar da muka manta a bakin salansa ya yi sama ya faɗo a kan kwano. Baffa ya ɗan taɓa cok ya ce in sake. Na kawo hannun ƙasa, na tura, na ji haƙoran sun zauna, na ja.

Ta kama. Hayaƙi fari da shuɗi ya cika rumfar, kaji suka watse, mata suka fito daga cikin gida da ludayi a hannu. Ni kuwa idona na kan hannun. Haƙoran sun tunkuɗo shi, sifirin ya karɓa, ya dawo waje ya yi lilo sau biyu ya tsaya cak yana rataye, injin na bugawa a bayansa.

Ba mu bar ta ta wuce minti biyu ba, don ruwa ya fara ɗiga ta gefen saƙar lagireto, kuma fambel ɗin ya tsattsage. Baffa ne ya kashe ta. Ya sa jikan nan ya kawo masa igiya, ya ɗaure hannun ya rataye shi a gefe yadda ya saba yi in za a shiga gona, ya ce wa yaron daga yau duk Juma'a bayan an sauko masallaci ya ɗiga mai a bakin ramin ya tura hannun ciki da waje sau uku. Sannan ya juyo gare ni ya tambayi nawa tayoyin baya za su ci.